Wanda Ya Yanka Akuyar

Kontagora, 4 ga Nuwamba

Maman Treasure,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya Salka, ya gwiwar Baban Treasure? Ina fatan kun gama yankan shinkafa lafiya. Mu muna nan yadda kika bar mu. Wake ya sauka, manja ya hau, masu saye kuwa bakinsu bai canza ba. Kowa ya zo sai ya rantse miki a wancan layin an ba shi da rahusa, amma ba ya komawa wancan layin.

Na ga kiranki har sau bakwai. Wayata lafiyarta ƙalau, ba zan ɗora wa netiwok laifi ba. Ni ce ban ɗauka ba. Kin san ni da baki, in na fara zuba sai in sayar miki da abin da ban fito da shi kasuwa ba. Shi ya sa na yagi takarda a littafin 'yata Rahma na ba Maikano direba, tunda duk ranar kasuwa ta ƙofar gidanku yake bi.

Magana ɗaya ce. Asabar ta farko a Disamba ita ce ranar kai goro wurin Sarkin Ruwa. Bana ba zan zo ba. Shekara goma sha shida maigidana Malam da Baban Treasure suna zuwa gaban tsohon nan tare, ya tsaga goro biyu, kowa ya ci ɓari, ya sabunta mana aron filin nan na bakin ruwa bayan Auna. Kuma tun ranar farko ya faɗa: gida biyu ya ara wa, ran da gida ɗaya ya zo shi kaɗai, fili ya koma hannunsa. To Malam ya rasu. Na ji wani mai albasa daga Yawuri yana ta zarya, yana son wurin don noman rani. A bar masa. Albasa ma abinci ce.

Tantinmu yana rataye a rumfar kara, ku ɗauka, sai dai yana zuba ta kusurwa ɗaya. Babbar tukunyar dama taki ce, shekara tara ina riƙe da ita kina kallona. Gidajen sauro ki raba wa matan masunta. Kujerar Malam mai naɗewa kuwa, kada ki tambaye ni, ki yi yadda kika gani.

Kada ki ɗauka fushi nake yi. Yanzu ban ma san inda fushi yake zama a jikin mutum ba. In tashi, in buɗe rumfa, in auna, in rufe. Jiya wata ta tula mudu har yana zuba ta gefe, ina kallonta, na bar ta ta tafi. Ni Rabi.

Ki gaida mai gidan da yara. Allah ya bar mu tare.

Taki,
Rabi'a


Salka, 9 ga Nuwamba

Hajiya Rabi,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Shinkafa ta shiga gida. Gwiwar tana nan.

Na karanta takardarki sau biyu, na ba Treasure ta karanta mini na uku ko idona ne. Ba zan ɗauki tanti ba. Ba zan ɗauki tukunya ba. Ba rabon kaya na tambaye ki ba.

Ni ban iya zagaye irin naki ba, don haka zan faɗa kai tsaye. Watan jiya kin zo bakin ruwa, zuwanki na farko tun rasuwar Malam Abdulaziz. Mun yi murna. Na share wurin tun Alhamis. Mun kawo akuya. Na tsaya a kan wuta tun hantsi, na yi farfesu yadda kike so, da citta da yawa. Da na ajiye kwano a gabanki kika ce kina azumin ramuwa. Na ce to. Na rufe kwanon, na ce sai magariba. Kafin la'asar kika ce kanki na ciwo, kika sa Rahma ta tada mota, kuka tafi. Ko tanti ba ku shiga ba.

Hajiya, Treasure ta gan ki a bayan mota kina shan fiya wata. Ba leƙenki ta je yi ba, gishiri ta je ɗauka. Ba ta gaya mini ba sai da muka dawo gida, tana kuka, yarinya mai shekara goma sha tara.

Shekara goma sha shida hannuna da naki a kwano ɗaya. Ke kika yi mini wankan jego a haihuwar James. Ranar Lahadi in muna addu'a a gindin ɗorawa, ke kike tsare mini miya kada ta kama. In kuna sallah ni nake korar awakin masunta daga tabarmarku. Me ya faru da abincina?

Maganar goro kuma. Na aika an tambayi Sarkin Ruwa. Ya ce matar mamaci tana tsaya wa gidanta, ba sai namiji ba. To babu abin da ya hana ki sai ke.

Yaran nan a wurin nan suka koyi iyo. Ba mu da wani wuri. Ki ba ni amsa ta gaskiya, ba ta kasuwa ba.

Ki gaida Rahma. Ubangiji ya ta'azantar da ke.

'Yar'uwarki,
Jemimah


Kontagora, 16 ga Nuwamba

Maman Treasure,

Na amsa gaisuwa, na kuma amsa duka. Ki ce wa Treasure ta share hawaye, idonta bai yi ƙarya ba. Leda biyu ma na sha, ɗaya ta gani.

Kin ce amsar gaskiya kike so. Ita ma akwai ta a rumfa, a ƙasan tebur nake ajiye ta saboda ba ta da masu saye.

Rumfata tana kallon layin mahauta shekara ashirin. Ko ba na so, na san wuyan dabba. Da muka sauka daga mota ran nan, kina rungume ni, idona yana kan murhu. Kan akuyar yana gefe ana jiran a babbaka shi. Wuyan a tsattsage, an yanka an sake, an yanka an sake, kamar wanda ya yi da marfin gwangwani. Yankan Malam layi ɗaya ne, kin sani. Na duba gindin ɗorawa inda ake haƙa ramin jini, ƙasa a bushe, ba wanda ya taɓa ta. Sannan Baban Treasure ya fito yana mini sannu da zuwa, kafaɗar rigarsa duk jini. Na haɗa uku ɗin nan na ce: shi ya yanka, kuma ya shiga bayan ciyawa ya yi don kada in gani.

Kafin ki ce komai, na san abin da za ki zata. Ba maganar haramun ba ce. Malam da bakinsa ya sha faɗa mini yankan ma'abota littafi ba haramun ba ne, ya karanto mini ya fassara. Ni na taɓa ce masa, to in haka ne me ya sa kullum kai ake jira, mutane su zauna da yunwa har mu iso bayan Juma'a? Ya ce, "Rabi, Moses ba don haramun yake jirana ba. Bar mu da abinmu."

Abin nasu kuwa kin gan shi. Baban Treasure ya haƙa rami, ya kwantar da akuya, ya danne ƙafafu. Malam ya tsaya yana wasa wuƙa kamar ba shi da wani aiki a duniya. Baban Treasure ya ce, "Liman, yau ma sai akuyar ta mutu da tsufa?" Malam ya ce, "Fasto, riƙe da kyau, bara sai da ta haure ni." Alhali wannan ba liman ba, wancan ba fasto ba, tsofaffin malaman firamare ne biyu masu ciwon baya. Duk zuwa sai sun yi, kalma ɗaya ba sa canzawa, mu kuma mu yi tsaki mu ci gaba da yankan albasa.

Da na ga wuyan nan, abin da ya zo mini shi ne: ashe ana iya yi ba shi. An yanka, an dafa, ƙamshi ya tashi yadda ya saba, yara suna ruwa suna ihu, rana tana inda take. Wata tara kacal. Ban ji haushi ba, wallahi. Ban ji komai ba. Kin ajiye kwanon, na ce wa hannuna ya miƙa, ya ƙi. Kin san ɗan kasuwa in aka ritsa shi ba ya rasa abin faɗa, sai na ji bakina ya ce azumi.

Ban ga laifin Baban Treasure ba. Mutum da iyalinsa ba za su zauna cin wake har abada ba don wani ya mutu. Ya yi daidai. Sai dai ni ba zan iya zama a wurin ina kallon daidai ɗin ba. Shi ya sa na ce a bar wa mai albasa.

Ga gaskiyar, ba ƙari ba ragi. In ta yi miki tsada ki dawo mini da ita.

A gaida kowa.

Rabi'a


Salka, 23 ga Nuwamba

Hajiya Rabi,

Gaisuwa. Na daɗe da biro a hannu kafin in fara.

Moses bai yanka akuyar nan ba.

Tun da Malam Abdulaziz ya rasu mun je bakin ruwa sau biyar kafin zuwanki. Ba mu ci nama ba ko sau ɗaya. Wake da kifi. James ya yi ƙorafi, ubansa ya ce wanda yake son nama ya zauna a gida. Ko kaza Moses bai sa wa wuƙa a wurin nan ba tun da aka ara mana shi. Ya ce shi ƙafafu ya iya riƙewa.

Akuyar kuma kin san ta. Ita ce ja ɗin nan mai farin goshi da muka kawo bara. Malam ya ɗaga ta ya ce, "Fasto, wannan ai ƙashi ce, mayar da ita ta ci dusa, baɗi ma yi magana." Moses ya yi ta kiwonta. Mutane biyu sun taya, ya hana. Da kika aiko cewa za ki zo, ya ce to lokacinta ya yi.

Ranar, tun da safe ya tafi da ita sansanin masunta wurin limaminsu. Ruwa ya cinye hanyar mashin, sai ya saɓa ta a kafaɗa. Kin san nisan, kin san gwiwarsa. Limamin ya tsufa ƙwarai, hannunsa rawa yake yi, wuƙarsa ta gyaran kifi ce. Moses ya danne ƙafafu, tsohon ya yi bismillah, sai a karo na uku ta yanku. Ya sake saɓo ta ya dawo. Jinin da kika gani a rigarsa ke nan. Rami kuma yana can ƙofar masallacinsu.

Na ce masa, in Hajiya ta iso ka gaya mata wanda ya yanka. Ya ce a'a. Ya ce in ya faɗa kamar yana tuna miki ne cewa mai yankan ba ya nan. Ya ce ai Hajiya ta san ni, ba sai na faɗa ba.

Bayan kun tafi sai ya ɗauki tukunyar da farfesun a ciki ya kai wa masunta. Mu ma ba mu ci ba. Ya kwance tantin da ya kafa muku. Shi ya kafa, kusurwar nan mai zuba ma ya ɗinke ta, ba ki duba ba.

Na karanta masa takardarki jiya, ban ɓoye komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Wato ta ɗauka zan shiga ciyawa in yanka a ɓoye, in sa mata a kwano." Na ce ai ta ce ba ta ga laifinka ba. Ya ce, "Shi ne ya fi ciwo." Ya ce shi ma ba zai je wurin goro ba, a bar wa mai albasa. Na yi magana, James ya yi, Treasure ta yi. Ya ɗauki fartanya ya fita.

Hajiya, kin iya duba wuyan akuya. Tambaya ɗaya ce da kin yi. Ina tsaye a gabanki da ludayi a hannu.

Yanzu ban san abin da zan roƙa ba. Da ke kaɗai nake ja, yanzu ku biyu ne. Na gaji.

Ubangiji ya kiyaye ki da Rahma.

Jemimah


Auna, Asabar ta farko a Disamba

Maman Treasure,

Sallama. A tashar Auna nake rubuta wannan, a kan gwiwata, ina jiran mota ta cika. Ki yi haƙuri da rubutun.

Takardarki ta yi kwana goma a ƙarƙashin mudu. Kullum in ɗaga in gan ta in mayar. Na jira in ji kunya irin wadda ke hana mutum cin abinci, ba ta zo ba, tuwona nake ci daidai. Amma shekaranjiya na ga ƙafata ta kai ni layin masu goro. Na zaɓi fari, manya, na hana mai goron ya cusa mini na ƙasan kwando. Ya ce, "Hajiya ta dawo." Ban san me ya gani ba.

Yau na je gaban Sarkin Ruwa. Ni kaɗai. Mai albasan yana zaune a gefe da sabuwar hula, har ya gaishe ni da ta'aziyya, mutumin kirki ne abin haushi. Na ajiye goro. Tsohon ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce, "Ina ɗaya gidan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gwiwa ce ta kwantar da shi, ya ce in wakilce shi."

Ya ce, "Gwiwar da ta kawo akuya sansanin nan a kafaɗa?"

Na ce to a tsaga goron, in ci ɓari, in ƙulle ɗayan a bakin zane in kai masa har Salka. Ya ce goron aro a gabansa ake tauna shi. Na ce to in tauna duka biyun, haƙorana da sauransu. Mutanen wurin suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, baki ɗaya gare ki, ko da yake na ji an ce ya kai na mutum uku. Gida biyu na ara wa." Na fito da duk abin da na koya a shekara ashirin, na yabi kakanninsa, na tuna masa gidajen sauron da Malam ya kawo musu shekarar ambaliya. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce saboda mamacin ya ƙara mana kwana bakwai. Asabar mai zuwa kafin azahar. In gida biyu ba su zauna a tabarmarsa ba, ranar Lahadi mai albasa ya sa garma.

Daga nan na nemi limamin. Na same shi yana gyaran komar kamun kifi. Na gaishe shi, na kalli hannun. Ko zaren ba ya iya sa wa a allura sai an sa masa. Ya ce, "Ke ce matar malamin? Abokinsa ya ce mini in yi a hankali, akuyar ta baƙuwa ce mai daraja." Na ce ni ce baƙuwar.

Na tako daga sansanin zuwa filinmu da ƙafa, ta hanyar da ya bi. Ba kaya a kaina sai jaka, sau biyu ina zama. Wurin yana nan. Ciyawa ta fara cin murhu. Na zauna a kujerar Malam, tunda kin ƙi ɗauka, na kalli ruwa wajen awa guda. Na ce ko yanzu abin zai zo, in yi kukan da mata suke ta jira in yi tun Janairu. Bai zo ba. Wani tsuntsu ya kama kifi, kifin ya suɓuce. Shi ke nan abin da ya faru.

Sauran takardar ba taki ba ce. Ki karanta masa yadda na rubuta, kada ki gyara.

Baban Treasure, na zalunce ka. Na auna ka da idon da nake auna masu kawo mini wake da tsakuwa a ƙasan buhu, kai da ka wanke ƙafar Malam a asibiti lokacin da 'yan'uwansa suke waje suna waya. Ba ni da hujja. Ba zan ce maka zuciyata ta karye ba, don ban san halin da take ciki ba, kuma na yi maka ƙarya sau ɗaya ta isa. Abin da na sani, Asabar zan dawo in zauna a tabarmar tsohon nan tun hantsi. In ka zo, ka zo. In ba ka zo ba, ba zan ce wa kowa gwiwa ce ba, zan ce ni ce.

Mota ta cika. A gaida yara.

Rabi'a


Salka, Laraba

Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Rahma.

An karanta mini. Na kuma karɓa na karanta da kaina.

Zan zo ranar Asabar. Ki riƙe goron a jiƙaƙƙen buhun algarara kada ya bushe, tsohon ba ya karɓar busasshe. In an gama za mu kwana biyu a wurin kamar yadda aka saba, yara sun matsa.

Maganar akuya, ba bana ba. Ban san yaushe ba. Kada ki kawo, ni ma ba zan kawo ba. Maman Treasure za ta dafa wake, ta ce ki taho da manja.

Allah ya kai mu.

Moses